Ranar da Kaita Ta Yi Ja

Hannun kawuna babba ne. Duk wanda ya taɓa gaisawa da shi ya sani, naka hannun ɓacewa yake yi cikin nasa. Da shi ya yi dakon buhuna a tashar jirgin ruwa ta Abijan lokacin samartaka, da shi ya rene ni bayan rasuwar mahaifina, da shi kuma ya shekara da shekaru yana ɗibar gyara yana zuba wa mutane a mangaza, wato babban shagon hatsi, ta garin Kaita. A kan wannan hannun aka ci mutuncinsa, kuma da aikina aka ci.

Mangazar ba tasa ba ce, ta Alhaji ce. Alhaji babban ɗan kasuwa ne a Madawa, yana sayar da hatsi, wato gero, da dawa da wake da takin zamani, yana da mangaza uku: ta Madawa, ta Buza, da ta Kaita. Shi da kawu tare suka tafi bida, wato ci-rani, suna samari, ɗaki ɗaya suka kwana, kwano ɗaya suka ci. Da Allah ya buɗa wa Alhaji, sai ya ɗauki makullan Kaita ya danƙa wa abokinsa. Ni Baba nake ce wa Alhaji tun ina ƙarami. Da na dawo daga Yamai da takardar aikin ordinata, wato kwamfuta, shi ya ɗauke ni aiki, yana yi mini ba'a yana kira na mushe, wato monsieur na faransanci.

A wajenmu ba a auna wa mutum tiya, kwanon awonmu, a sallame shi haka nan. Bayan tiya ta cika ta yi tozo an juye, sai mai awo ya sa hannu ya ƙara ɗan wani abu, shi ne gyara. Ba dole ba ne, ba kuma a rubuta shi, amma wanda aka hana gyara ya san an gaya masa magana. Alhaji da bakinsa ya kafa dokar a mangazunsa. Na ji shi ba sau ɗaya ba yana cewa, "Tiya ta kasuwa ce, gyara na Allah ne." In damina ta yi nisa, rumbuna sun yi ƙasa, ina zaune a biro, wato ofis, zai kira kawu a salula ya ce, "Abokina, kada ka matse hannu ga matan nan, lokaci ne mai wuya."

Aikina na farko wahala ce zalla. Kowace mangaza tana da tsohuwar ordinata da ake shigar da ciniki. Ƙarshen wata in hau moto, wato babur, in zaga, in kwashe bayanan a ɗan kile na ajiye bayanai, in dawo Madawa in haɗa rahoto. Wanda ya san duwatsun hanyar Buza zuwa Kaita ya san abin da bayana ya sha. In na kawo rahoton, Alhaji ya duba shafin farko, ya ce madalla, ya ɗora kofin shayi a kai.

Ana nan sai wani kamfanin taki na Yamai ya fara neman wakili guda a yankinmu. Sharaɗinsu shi ne su riƙa gani daga can, a shafin intanet, abin da ya shiga kowace mangaza, abin da ya fita, da abin da ya rage, ba sai sun jira takarda ba. Alhaji ya ƙwallafa rai a kan wakilcin nan. Ya kira ni ya ce, "Mushe, za ka iya?" Na ce, "Baba, ai abin da na karanta ke nan." Wallahi da murna na faɗa. Na gaji da ganin karatuna a ƙarƙashin kofin shayi.

Abin da za a yi shi ne a haɗa rumbunan bayanai uku su riƙa zuba wuri ɗaya, daga nan shafin ya ɗebo ya nuna a tablo, wato jadawali. A baki da sauƙi. Madawa da buhu take lissafi, Buza da kilo, Kaita da tiya, sai da na sa su suka yi magana da harshe ɗaya. Rezon Kaita kuwa, wato sabis na waya, sai ya ga dama, kuran na lantarki ma haka, don haka na shirya yadda ciniki zai taru ya jira, da rezo ya leƙo ya wuce. Kawu bai yi lakkwal ba, wato makarantar boko, sai na yi masa hotuna a allon da zai riƙa dannawa: zangarniyar hatsi, kan dawa, ƙwayar wake. Yatsansa ya yi wa hotunan girma, in ya danna hatsi sai wake ya biyo. Ya yi ta dariya yana cewa, "Ɗana, abin ga naka ba a yi shi don hannun maza ba." Na ƙara wa hotunan faɗi.

Ranar da tablon ya fara aiki ni kaɗai ne a biro. Ginshiƙi uku suka fito. Na tsara shi in abin da ke mangaza ya yi daidai da abin da ya kamata ya rage, ya nuna kore, in akwai giɓi ya nuna ja. Madawa kore. Buza kore. Kaita ja wur.

Ban ko yi dogon tunani ba, na san dalili. Madawa buhu-buhu take sayarwa ga masu kamiyo, manyan motocin kaya, ba gyara a buhu. Buza rabi da rabi. Kaita kuwa tiya-tiya ce, matan ƙauyukan kan dutse ke saukowa ranar kasuwa kowace da ƙwaryarta, kowace tiya da gyaranta, gyaran kuma da hannun kawu. Hatsi yana fita, na'ura ba ta gani, sai ta kira shi giɓi.

Na ɗauki ɗan sikeli na tafi Kaita. Na ce, "Kawu, ɗebo mini gyara yadda ka saba." Ya ɗebo, na auna. Ya sake, na auna. Matan da ke jiran awo suka yi ta kallonmu. Wata tsohuwa ta ce, "Yau kuma hannun Malam aka aunawa?" Kawu ya ce, "Ɗana na, ya ƙoshi da boko, bari shi yi." Na dawo na ƙara layi guda a tablo, na sa masa suna gyara, kowace tiya da aka sayar na'ura ta cire ɗan abin da hannu ke ɗauka. Nan take Kaita ta koma kore. Na ji daɗin wannan layin fiye da duk sauran aikin, don a ganina na sa na'urar Turawa ta koyi ladabin garinmu.

Na kai wa Alhaji ya gani. Ya gyara zama, ya sa tabarau, ya yi ta kabbara. Na nuna masa yadda zai duba a salularsa ko yana Makka. Sai idonsa ya faɗa kan layin.

"Wanga fa?"

"Gyara ne, Baba."

Ya cire tabarau. "Mutanen Yamai za su ga wanga?"

"Duk abin da ke tablo za su gani."

"A'a. Cire shi. Waɗanga mutane kilo sunka sani. In sunka ga ina kyauta da kaya, za su ce haka zan yi da takinsu."

Na ce, "Baba, in na cire, Kaita za ta yi ja. Ja kuwa a idon baƙo sata ce."

Ya yi dariya har da buga cinya. "Ja ɗin cizo yake yi? Haba mushe! Ni nis sa shi yin gyara, ni zan tsaya mishi. In sunka tambaya, in ce ɓera da yoyon rufi, mangazar tsohuwa ce, za mu sake gini. Ni da kawunka wa zai shiga tsakaninmu? Amana ce tsakanina da kai, ka bar mini sauran."

Mutum mai furfura a gemu, wanda ya yi mini huɗuba a kunne ranar da aka haife ni, shi ya ce amana. Na ɓoye layin daga shafin, na bar shi a cikin rumbun bayanan. Kaita ta koma ja. Da yamma na kira kawu don kada abin ya zo masa ba zato. Na ce, "Kawu, ranar taro da mutanen Yamai za ka ga Kaita ta fito ja a bango, kada ka damu, Alhaji ya san zancen." Ya ce, "Mine ne ja kuma?" Na fara bayani, ya katse ni. "In dai Alhaji ya sani, ai magana ta ƙare. Ka gaida uwarka."

Ranar taro baƙi biyu suka zo daga Yamai, mace da namiji, da motarsu fara. Alhaji ya sa an yanka rago. Ya kira masu riƙon mangazu duka, da wasu manyan ƴan kasuwar Madawa don su shaida. Kawu ya zo da rigarsa ta Juma'a, shuɗiya, ta sha bugu, da hular da yake ajiyewa don salla. Tun daga bakin ƙofa yake gaya wa mutane, "Ɗan ƙanwata na ya yi abin, ni nir rene shi." Ya zauna a gaba don ya gani da kyau.

Na haska tablon a bango. Na nuna yadda buhun da aka sayar a Buza da safen nan ya riga ya fito. Aka yi ta mamaki, wani ya ce wannan ai aljani ne. Kawu ya juyo ya dube ni, bakinsa har kunne. Sai matar Yamai ta nuna ginshiƙi na uku da alƙalaminta, ta tambaya da faransanci me ya sa wannan ya yi ja, kuma tun yaushe.

Na dubi Alhaji, ina jiran ɓera da yoyon rufi.

Alhaji ya sunkuyar da kai, ya ja dogon numfashi, kamar wanda aka yi wa rasuwa. Sannan ya ce, da Hausa, yadda kowa zai ji, "Wallahi na daɗe ina jin ƙishin-ƙishin. Ban so in yarda ba, don abokina na. Amma na'ura ba ta ƙarya."

Ni kaina sai da na ɗauka kunnena ne. Kawu bai fahimta ba tukuna, yana ta duban bango yana duban fuskokin mutane, murmushin bai gama sauka daga fuskarsa ba.

Na miƙe tsaye. Na ce, "Baba, ka ji tsoron Allah! Gyara ne! Kai ka sa shi, kai ka ce in cire layin!" Na juya ga baƙin na faɗa musu da faransanci, na ce su ba ni dama in buɗe rumbun su gani da idonsu.

Alhaji ya shafa wa idonsa toka ya ce, "Wane gyara? A mangazata awo daidai aka yi." Ya dubi baƙin ya ce, "Ɗan ƙanwarsa ne. Me kuke so ya ce?" Namijin ya gyaɗa kai, irin na wanda ya gane komai, ya ce ba sai an buɗe komai ba, lamarin cikin gida ne. Ƴan kasuwar da ke zaune, kowannensu ya san gyara, kowannensu yana ba da shi a rumfarsa, kowannensu ya taɓa jin Alhaji yana cewa gyara na Allah ne. Ba wanda ya yi tari. Naman rago suke jira, tir da su.

A nan kawu ya gane. Ya tashi a hankali. Ya ce, "Alhaji, ni kaka ce ma ɓarawo?"

"Ba ni nic ce ba, abokina. Na'urar ɗanka ce."

Kawu ya sa hannu a aljihun shuɗiyar rigar, ya zaro makullan Kaita, ya ajiye a kan tebur ba tare da ƙara ba. Ya fita. Na bi shi har titi ina kira, bai waiwayo ba, ya shiga motar Kaita da ke lodi.

Washegari da safe na sami Alhaji a zaurensa yana shan fura. Ban gaishe shi ba, karo na farko a rayuwata. Na faɗa masa duk abin da ya zo bakina, har da waɗanda ba a faɗa wa babba, kuma ban yi nadama ba har yau. Ya bari na gama, ya lashe ludayi, ya ce, "Ɗana, kasuwa ce. Na dubi idon matar nan na ga ɓera ba zai wuce ba. Dole wani shi ɗauki ja ɗin. In ƙura ta lafa zan nema mishi wani abu." Kai, jama'a! Abota tun ta samartaka, ya auna ta da wakilcin taki, taki ya fi nauyi. Ya ci moriyar ganga ya yada kwaurenta, ni kuma ya mai da ni sandar dukan. Na ajiye masa makullin biro na fita. Kafin wata ya ƙare an ba shi wakilcin. Ya hana gyara a mangazunsa duka, ya sayi sikeli. Tablona yana nan yana aiki, an ce mini duk kore ne yanzu.

Na ɗauka iyakar cutar ke nan. Ashe tsugune ba ta ƙare ba.

Kawu ya daina ɗaukar kirana. Na ce fushi ne, zai huce. Sai mahaifiyata, ƙanwarsa, ta je Kaita ta dawo da ido jawur. Ta ce zancen ya riga ta isa. Mutanen da kan bar wa kawu ajiya in za su bida, wani makullin ɗaki, wani takardar gona, wani akuya, sun fara zuwa ɗaya bayan ɗaya suna karɓar kayansu, kowa da ɗan uzurinsa. Ba wanda ya ce masa ɓarawo, karɓa kawai suke yi suna godiya. Sannan ta ce Alhaji da kansa ya je gidan, da goro, har da hawaye. Ya ce wa kawu hannunsa aka ɗaure. Wai ni na fara kai masa tsegumi, ni na tura wa mutanen Yamai ja ɗin tun kafin shi ya gani, don in nuna gwaninta su ɗauke ni aiki.

Na rasa abin da zan yi, na zauna a ƙasa a tsakar gida. Wannan mutumin bai ƙoshi da sunan kawu ba, sai da ya haɗa da nawa, don ya ci gaba da shiga gidan abokinsa ana shimfiɗa masa tabarma.

Na ɗauki ordinatata na tafi Kaita. Na sami kawu a ƙofar gida yana saƙar igiya. Ya amsa gaisuwata kamar ta baƙo. Na durƙusa, na buɗe, na nuna masa layin gyara yana nan da ranar da na sa shi. Ko kallon allon bai yi ba.

Ya ce, "Ni ban san tablo ba. Abu biyu nis sani. Na san mutumin da munka ci kwano guda, ya zo nan ya yi kuka gabana. Na kuma san kai kak kira ni kac ce za ta yi ja, tun baƙi ba su zo ba. Kai kaz zo da sikeli kag auna hannuna gaban mata."

"Kawu, don in kare ka na auna!"

"To. Allah shi saka."

Ya ci gaba da igiyarsa. Na rantse, na yi kuka, babba da ni, na ce a kira Alhaji a sa mu dafa Alƙur'ani. Ya ce shi ba ya sa kowa rantsuwa a kansa. Kiran da na yi masa don ƙauna, da sikelin da na ɗauko don ƙauna, su suka zama shaida a kaina. Alhaji ya san mu ciki da waje, ya san inda zai soka.

Yanzu ina Tawa, ina yi wa wasu irin wannan aikin. Na iya shi, ba yabon kai ba. Duk wanda ya ce in ɓoye masa layi, in ce masa ya nemi wani. Alhaji in mun haɗu a wurin jana'iza shi ke fara miƙo hannu yana cewa mushe, ni kuma in dubi gefe. An ce ba kyau. Na ji, a bar ni da rashin kyauna.

Bara bayan girbi na bi ta Kaita ranar kasuwa. An ce mini kawu yana da rumfa a layin masu hatsi, ya shimfiɗa tamfol yana awo da ɗan abin da yake sarowa. Na hango shi daga nesa, ya rame, amma hannun yana nan. Mata sun yi layi a gabansa fiye da na kowa. Na sayi ɗan buhu na shiga layin, na ce ko a gaban mutane zai ji nauyi ya sake mini fuska.

Matar da ke gabana ta sayi tiya guda. Ya cika ta yi tozo, ya juye mata, ya sa hannu biyu ya ɗebo gyara ya zuba, ya ce ta gaida yara. Ta tafi tana sa masa albarka.

Na matso na durƙusa. "Ina wuni, Kawu."

"Lahiya lau. Nawa?"

"Tiya guda."

Ya cusa tiyar cikin tarin hatsi, ya ɗago ta da tozonta. Sai ya sa gefen hannun nan nasa ya shafe bakinta, tozon ya zube ya koma kan tamfol. Ya duba da kyau, ya ƙara shafewa. Ya juye mini.

Ya ce, "Ga shi daidai. Kada ta yi ja."

Na tsaya riƙe da bakin buhu a buɗe, ina jira. Ya leƙa ta bayana ya ce wa matar da ke biye, "Matso, ɗiyata, nawa za a auna miki?"